Abin da Batir Ya Yi Mini a Tafkin Kainji

Akwai tabo a bayan hannuna na dama, kuma duk yaron da ya zo koyon aikin jirgi wurina sai na nuna masa shi kafin in bar shi ya taɓa batir.

A lokacin ina yaron jirgin kawuna, muna sarin kifi a hannun masunta. Mu taso daga Yauri mu yi kwana biyu ko uku a kan tafkin Kainji, inda dare ya riske mu nan za mu jefa anga. Batir ɗaya ne da mu mai bolt 12, irin na mota: shi ke tayar da inji, shi ke ba mu fitila, shi ke cajin wayoyinmu har da na masuntan da ke roƙon arziki. Wata asuba na murza makulli, inji ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka samu wanda ya ja mu, kifi kuwa ya fara sauya wari. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ba ya jure a tatse shi dare guda. Ku yi batir biyu, ƙannena. Na inji daban, kada kowa ya rataya masa ko ƙwan fitila.

Wannan kuskuren da sauƙi. Na biyun ne ya kusa kai ni lahira.

Na sayo farantin sola, na ga kuɗin kantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, ya yi mini yawa, na ce ai wuta wuta ce, na haɗa waya kai tsaye da kan batir. Ashe farantin da ake kira na bolt 12 yana fitar da kusan 18 idan rana ta take, batir kuwa bai son abin da ya wuce 14 da 'yan kai. Kantirola ce ke tsaya masa. Don kada rana ta dake shi, sai na tura shi ƙarƙashin benci na lulluɓe da tamfol, jarkar fetur na gefensa. Da la'asar na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, na ɗaga tamfol na kasa kunne, ruwan cikinsa na tafasa ƙut-ƙut-ƙut, jikinsa zafi rau. Maimakon in fara rufe farantin, sai na kai hannu na fizge wayar. Tartsatsi ɗaya ya yi. Murfin batir ya tashi sama, asid ya watsu a hannuna da rigata.

Kawu bai tsaya faɗa ba. Ya danna hannuna cikin tafki ya riƙe, yana cewa, "Kada ka fitar, yaro, bar shi ya sha ruwa." Daidai ya yi. Asid ruwa mai yawa yake so, idan a ido ne a yi ta wankewa aƙalla minti 15 sannan a nemi asibiti. Rigar kuwa washegari ta zama rariya.

Daga baya wani mai rewaya ya fahimtar da ni abin da ya faru. Batir idan yana caji, musamman idan cajin ya wuce kima, yana fitar da iskar haidurojin. Ba ta da launi, ba ta da nauyi, sama take yi, tamfol ɗina ya tare ta. Tururin fetur kuma nauyi gare shi, ƙasan jirgi yake kwantawa. Wato na tara makamashi sama da ƙasa, sannan na ƙyasta musu ashana da hannuna. Allah ne kawai ya sa jarkar a rufe take gam.

Yanzu batir a akwati yake, a ɗaure, sama da inda ruwa ke taruwa, iska na ratsa shi, fetur kuma can ɗaya ƙarshen jirgi. Iskar damina idan ta taso da dare jirgin da ke kan anga rawa yake yi, batirin da ba a ɗaure ba sai ya kife ko kawunansa su taɓa ƙarfe. Akwai fiyus dab da kan batir na jar waya. Kantirola batir ake fara haɗa mata sannan faranti, wurin cirewa faranti ne farko. Idan za a kwance batir, baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wurin mayarwa. Ruwa idan ya ja baya, tataccen ruwa na kwalba wanda babu asid a ciki ake ƙarawa. Na ga masu ɗibar na tafki suna zubawa, wai ai duk ruwa ne, batirinsu ba ya ganin damina biyu.

Masu kunna ƙaramar jannareta a ƙarƙashin rumfa su kwanta kusa da ita, wannan ban ma san me zan ce musu ba. Hayaƙinta na kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Ku sayi 'yar mitar auna wutar batir, ba ta kai kuɗin kwandon kifi ba. Da safe kafin rana ta hau faranti, a kashe komai, batir ya ɗan huta, sai a auna: bolt 12.6 ya cika, 12.2 ya kai rabi, nan ake daina jan wutarsa. Ko Sarkin Ruwa ne ya miƙo wayarsa a lokacin, haƙuri nake ba shi.

Kawu dai sai da ya cire kuɗin batirin nan daga kasona, kashi uku, bai yafe ko sisi ba.