Fitilar da ke yanka haske, ba mai watsa shi ba

Mu masu harkar fitilu a wuraren taro nan Birnin Kebbi akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, ko biki ne ko wasan kwaikwayon 'yan makaranta ko taron siyasa, sai mu jera ƙananan fitilun nan masu kala kala mu kunna su gaba ɗaya, bango ja, silin shuɗi, fuskar amarya kore, mai hoto shina ta ƙorafi. Haske ya yi yawa amma ba ka san wa za ka kalla ba. Ni a ganina abin da munka rasa ba ƙarfin haske ba ne, ikon tsayar da shi ne inda muke so, kuma fitilar da anka yi don wanga aiki ita ce wadda masu sana'a ke kira Leko, 'yan Ingila su ce firofayil.

Tsohuwa ce fa. Tun 1933 Joseph Levy da Edward Kook na kamfanin Century Lighting a Amurka sunka fitar da ita. Sirrinta na cikin madubin da ke bayan gulob ɗin, wanda anka yi shi kamar rabin ƙwai. Irin wannan siffa tana da wurare biyu na tara haske, sai a dasa gulob a na farko, duk hasken da ya bugi madubin ya dawo ya taru kusa da na biyu, wajen wata 'yar ƙofa a tsakiyar fitilar, daga nan gilashin gaba ya ɗauki hoton ƙofar ya jefa shi kan dandamali. To duk abin da ka sa a bakin ƙofar nan shi za a gani can.

Nan ne daɗin yake. Akwai faifan ƙarfe guda huɗu da ake turawa da hannu, sama da ƙasa da dama da hagu, kana turawa kana yanke hasken tamkar da reza, sai ka ga ya tsaya cak a bakin tebur bai taɓa labule ba, ko ya haska mai jawabi shi kaɗai allon majigi na bayansa na nan da duhunsa ana karanta rubutu. Amma fa gilashin na juya hoto, in ka tura na sama ƙasan hasken ne zai yanke, in ka tura na dama hagu ne, yaran da ke koyon aiki kullum nan suke rikicewa suna saman tsani ana ta yi musu ihu daga ƙasa, kai ba wannan ba ɗayan! Haka gobo, wato ɗan faifan da ake huda zane a jiki, sunan ango da amarya ko tambarin makaranta ko ganyen itace, a kife ake sa shi sannan ya fito daidai a bango. In ka ja hancin fitilar gaba ko baya bakin hasken ya yi kaifi ko ya yi laushi, yadda ka ga dama. Fitilar Fresnel da su PAR ba su iya wannan, su nasu watsa haske ne ya wanke wuri gaba ɗaya, kuma suna da ranarsu ban ce a zubar ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda sunka fi yawo a duniya ita ce Source Four ta kamfanin ETC, ta fito 1992. Gulob ɗinta wat 575 ko 750 ne, madubinta gilashi ne mai wani shafi da ke tura haske gaba ya bar mafi yawan zafin ya fita ta baya, shi ya sa faifan ba su saurin ƙonewa. Amma kada wannan ya ruɗe ka, a watan Afrilu namu da zafi ke haura digiri 40, cikin hol mai rufin kwano, bayanta sai da safar hannu wallahi.

Wajen saye mutane na tambayar wat nawa, alhali digiri nawa, wato yadda hasken ke buɗewa, ya kamata a fara tambaya. Akwai 19, 26, 36, 50 da wasu. Daga nisan mita 10, mai digiri 19 za ta ba ka da'ira mai faɗin mita uku da ɗan kai, 26 wajen huɗu da rabi, 36 kuma shida da rabi. Holholin mu galibi silin ɗinsu gajere ne ba nisa, don haka ni 36 na fi so, 19 sai filin waje irin na bukukuwan gargajiya su Argungu ko Uhola ta Zuru inda dole ka tsaya can nesa da masu rawa.

Sai maganar wuta, mi za ka yi da fitila shida masu wat 750? Wat 4,500 ke nan kafin ka jona sifika ko fanka ɗaya, ƙaramin inji ba ya ɗauka. Kuma 'yan gwanjon da ke zuwa daga Amurka da gulob na bolt 115 ko 120 suke zuwa, mu kuwa 230 muke, kana jonawa ya tafi, don haka a duba rubutun jikin gulob tukuna. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa ma, maiƙon hannu na sa shi kumbura ya mutu da wuri. Masu LED sun rage wannan wahala, ba zafi sosai ba cin wuta, kala ma a cikinsu take, sai dai masu kyau tsada, masu arha kuma wasu ba faifan yanka a jiki ko kaɗan, siffar ce kawai, ka sa mai shago ya kunna ka tura faifan da hannunka ka ga ya yanke kafin ka biya.

Lokacin hunturu ƙura na kwanciya kan gilashin da madubin, haske ya dushe ka zaci gulob ne ya tsufa. A bar fitilar ta huce, a buɗe, a hure ƙurar sannan a goge da tsumma mai laushi, in ka goge da ƙurar a kai karce shi za ka yi.