Share fayil da umarnin rm: abin da aiki ya koya mini

A shagon buga takardu da nake kula wa da kwamfutoci a Tudun Wada, nan Kaduna, akwai wata tsohuwar na'ura mai Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux) da ko allo ba ta da shi, ta taminal, wato wurin da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, kawai ake shiga cikinta. A kanta ake tara aikin kwastomomi: katunan biki, kalandu, furojet ɗin ɗalibai. Da bukukuwan aure sun kankama bayan sallah sai ta cika fal, aikin shara ya faɗo kaina.

Umarnin ba su da yawa. rm na goge fayil. rmdir na cire folda, amma sai in babu komai a cikinta, shi ya sa nake sonsa, don in da saura zai ƙi. rm -r kuwa yana kwashe folda da duk abin da ke ƙarƙashinta. Ka ƙara -i ya tambaye ka kafin kowane fayil, ka ƙara -f ya yi gum. Babu ɗayansu da ke kai komai kwandon shara.

Inda na fi ɗaukar darasi shi ne alamar tauraro (*). Ba rm ke fassara ta ba. Bash, manhajar da ke karanta abin da ka buga a taminal, shi ne ke fara mayar da ita jerin sunayen fayiloli, sannan ya miƙa wa rm, shi kuma ya aiwatar ba tare da sanin me kake nufi ba. Saboda haka rm *.tmp da rm * .tmp ba abu ɗaya ba ne: na farko tarkacen wucin gadi zai ɗebe, na biyu, saboda 'yar tazarar nan, duk fayilolin da ake gani a foldar zai cinye, sannan ya yi maka ƙorafin bai ga .tmp ba. Al'adata yanzu ita ce in fara rubuta ls, umarnin da ke jero fayiloli, da sunayen, in karanta abin da ya fito, in danna kibiyar sama, in sauya ls da rm ba tare da taɓa sauran layin ba. Haka nake yi da find, umarnin neman fayiloli: sai na ga jerin fayilolin da suka wuce kwana 30 da -mtime +30 tukuna in liƙa -delete a can ƙarshe. In ka sa shi a farko, kafin ya duba sharaɗin ya riga ya goge.

Kwastomominmu kuma gwanaye ne wajen sa tazara a suna. "katin biki.pdf" sunaye biyu ne a wurin bash in ba ka rufe shi da alamar zance ba, ko ka bar maɓallin Tab ya ƙarasa maka.

Ban yarda da masu rubuta rm -rf kan komai don hannu ya saba ba. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu haɗa manhaja aikinsu, ya buga irin wannan umarni a kan wata babbar kwamfutar ajiya (saba) da ba ita yake nufi ba, kusan gigabait 300 suka tafi, kamfanin ya rasa bayanan kimanin awa shida. Gaskiya ne rm na GNU, wanda ake samu a yawancin Linux, yana ƙin goge / (uwar foldar da komai ke ƙarƙashinta) kai tsaye, amma wannan kariyar ba ta shafi /* ba, wato duk abin da ke cikinta. Aikin kwastoma dai ba na goge shi nan take, da mv nake tura shi wata folda mai sunan watan, ya kwana biyu.

Wata rana na goge wani ƙaton fayil na rajistar ayyukan na'urar, amma df -h, mai nuna wurin da ya rage a faifai, ya nuna wuri bai ƙaru ba. Maigidan ya leƙo ya ce, "Malam, ka ce ka share, ga shi har yanzu tana kukan cika." Na ce, "Alhaji, a ba ni minti biyu." Abin da rm ke cirewa sunan fayil ne. Muddin wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, bayanan na nan zaune a faifai. Na buga lsof +L1 ya nuna mini mai riƙon, na sake tayar da manhajar, nan take wurin ya dawo.