Kuɗin gashin Asabar da suka kai mu Budj Bim

Ƙungiyarmu ta taimakon al'umma a gefen birnin Melbourne ba ta da wata babbar hanyar samun kuɗi. Abin da ƙananan ƙungiyoyi ke yi a Ostireliya shi muke yi: ranar Asabar mu kafa rumfa a ƙofar Bunnings, shagon kayan gini, mu gasa sosej da albasa, mu naɗe a yankan burodi mu sayar. Yankan albasa ne aikina. Da na roƙa a riƙa sayo naman halal aka amince, sai ga Somaliyawa da 'yan Afganistan sun shiga layi, ciniki ya ƙaru.

Da kuɗi suka taru, aka yi ta ja-in-ja kan inda za a kai su. Wasu suka ce a sayi dashen itatuwa a kai wa Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce, “Wa ya tambaye su ko itatuwa suke so?” Nan maganar ta juya. Muka ɗauki hayar bas, muka kwashi yaran baƙin haure na unguwarmu, muka biya al'ummar Gunditjmara, Aborijin yankin Budj Bim, kuɗin jagora su nuna mana ƙasarsu da kansu.

Budj Bim tsohon dutse ne mai aman wuta a kudu maso yammacin jihar Victoria. Narkakken dutsen da ya amayar fiye da shekara 30,000 da suka wuce ya daskare ya bar baƙaƙen duwatsu birjik. Da waɗannan duwatsu Gunditjmara suka gina magudanai da madatsai da tafkuna don kiwon kooyang, wani dogon kifi mai santsi. An auna shekarun wani sashe ya kai 6,600, kuma a 2019 UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya.

Jagoranmu ya tsayar da mu a bakin wata magudana da ba ta wuce taku ɗaya a faɗi ba. Mai wucewa zai ɗauka tarin duwatsu ne kawai. Ya tsuguna ya nuna mana maƙurar da ake cusa dogon kwandon da aka saƙa da ciyawa: manyan kifaye su maƙale, ƙanana su zurare su ci gaba da girma. Ba a tare hanya gaba ɗaya, domin kooyang sai ya fita teku, ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa Tekun Coral kafin ya hayayyafa. Na tuna da sarkin ruwa a Argungu, da yadda ake hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacinsa ya yi. Wanda ya san ruwa ya san ranar da zai ɗauke hannu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tafkin Tae Rak, wanda Turawa ke kira Lake Condah. Turawa sun ƙwace ƙasar, suka tattara mutanen a mishan ɗin Lake Condah daga 1867, daga baya suka janye ruwan tafkin don kiwon dabbobi. Gunditjmara ba su haƙura ba. A 2007 kotu ta tabbatar musu da haƙƙin ƙasarsu, a 2010 aka gina madatsa ruwa ya dawo, ya sake bin hanyoyin da kakanninsu suka shata masa. Mutanen da aka daɗe ana cewa yawo kawai suke yi a daji, ashe injiniyoyin ruwa ne.

A ganina, da mun kai dashen nan da mun dawo da hotuna kawai. Yanzu ƙungiyar ta kafa ƙa'ida: duk aikin da ya shafi ƙasa, sai mun fara jin ta bakin masu ita kafin mu kashe ko sisi. Unguwarmu ƙasar wasu Aborijin ce da ake kira Wurundjeri, kuma mun rubuta musu muna neman su koya mana yadda za mu gyara rafin bayan makaranta.