Kafin ki sayi tukwanenki

Yawancin 'yan matan da ake kawo mini koyon girkin biki a nan Kura sun riga sun iya girki tun daga gida. Abin da ba su iya ba shi ne lissafi, kuma shi ne ba sa son tsayawa su koya. Ba na ganin laifinsu, don ni ma a nan na faɗi.

Wurin wata Hajiya na yi koyo, mai karɓar aikin biki da suna daga Kura har Bunkure da Garun Malam. Da na ga ana yaba wainata a gidan biki, ana tambayar wa ya yi, sai na ɗauka na gama. Ina ganin kuɗin da ake miƙa wa Hajiya, ban taɓa tambayar nawa ke saura a hannunta ba bayan an biya kowa. Kallon kitse na yi wa rogo. Na tafi ba a yaye ni ba, na sayar da akuyata na sayi tukwane.

Aikin farko da na karɓa, shinkafa da nama da mai kawai na lissafa na yanke kuɗi. Itace, gawayi, ruwan 'yan garuwa, robobin zuba abinci, kuɗin Adaidaita, ladan matan da suka taya ni gyaran kayan miya, duk daga aljihuna suka fito. Kafin alƙalamin da na karɓa ma bai kai rabi ba, kuma kafin ranar biki tattasai da attaruhu sun tashi. Ciko kuwa sai da na yi ta sintiri, don mai biki 'yar uwa ce, ina jin nauyinta. Uwa ba ta dawo ba, balle riba.

Hajiya tana da wani ƙaramin littafi da take ajiyewa a jakarta, duk ya yi baƙi da mai. A ciki take rubuta kwano nawa na shinkafa ya ciyar da mutum nawa a kowane biki, kwalba nawa ta man gyaɗa ta shiga, nawa aka sayo albasa a watan. Da damina farashinta daban, da kaka daban, lokacin da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa daban. Kullum ina ganin littafin nan, ban taɓa cewa ta nuna mini ba. Ƙanwata, in uwar ɗakinki ta ce ki raka ta kasuwa, kada ki ga an mayar da ke 'yar ɗaukar kaya. Ki buɗe kunne ki ji yadda take ciniki, ki ga yadda take damƙar shinkafa ta duba tsakuwa da karyayya, ki dawo gida ki rubuta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wata dafa-duka. Da asuba na sauke ta, na zuba a kuloli na rufe, ga zafin watan Afrilu. Aka ɗaga ɗaurin aure sai bayan sallar Juma'a. Da aka buɗe kular ƙarshe wajen la'asar, gumi ya kwanta a murfin, shinkafar ta fara yauƙi, tsami ya bugi hancin kowa. Allah ya tsare ba a kai ga rabawa ba, amma shekara ta zagayo ba a ƙara kirana aiki a unguwar ba. Daga baya na koyi cewa ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma dafaffen abincin da ya fara hucewa bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. Hajiya ba ta san waɗannan lambobi ba, amma ba ta taɓa ɗora tukunyar ƙarshe sai ta aika an gano mata ko an fito daga masallaci.

Sai maganar takarda. Da gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, an nemi masu dafa abinci su yi gwajin lafiya, su kuma buɗe asusun banki. Ba ni da ko ɗaya a lokacin, wasu suka shige. Ga cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda, nan kusa da mu a Bebeji. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tana haɗa matasa da masu sana'a su koyi aiki, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kuma tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai 3. Takardar ba ta koya wa kowa ɗanɗano, amma manajan otal a Kano ko Dutse ita zai fara tambaya kafin ya ba ki cokali.

Ku ma samari, in kun samu shiga otal, da wanke-wanke za a fara ku. Kada ku raina. Daga bakin famfon nan ake ganin yadda kuku ke jera aikinsa, wanda ya nuna natsuwa shi ake jawowa yankan albasa, daga nan zuwa murhu.

Kafin a fara koyo, iyaye su zauna da uwar ɗaki ko ubangida a gaban shaidu: wata nawa za a yi, wa zai ba da kuɗin mota da abincin rana, me za a ba yarinya ranar yaye. Ni yanzu ba na yaye kowa sai ta lissafa mini aikin mutum 200 a takarda, tun daga shinkafa har ashana, na duba na ga ribarta ta fita.