Watan Agusta a bakin taɓo: yadda teku ke kawo maka tsuntsu har gabanka

Kafin in ɗauki madubin hangen nesa, jadawalin cikar teku nake fara dubawa, shi ne ke gaya mini ranar fita da ƙarfe nawa zan tashi. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan ya yi daren sha huɗu, cikar takan fi ta kullum girma, ruwa ya haye wuraren da ba ya kaiwa a sauran ranaku. Waɗannan 'yan kwanakin nake jira.

Dalili kuwa, tsuntsayen da ake zuwa gani a ƙarshen bazarar Turai 'yan taɓo ne, masu kiwo a lakar da teku ke bari idan ta janye. Lokacin da ruwa ya yi nisa, su ma suna can nesa, ɗigo-ɗigo a ƙarshen gani, ko da madubin wa ka zo. In ka ce za ka bi su, taɓo zai riƙe ka, su kuma su tashi. Amma in ka zauna a tudu awa biyu kafin cika, ruwan da kansa zai yi maka kora.

A Snettisham na ga wannan da idona, a gaɓar The Wash da ke gabashin Ingila, gandun da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da shi. Babbar cika a nan da sassafe take zuwa ko da yamma, don haka da duhu-duhu ake barin mota a taka zuwa bakin ruwa, kuma tafiyar da ɗan nisa. Da gari ya fara wayewa ba abin da ke gabana sai shimfiɗaɗɗiyar laka mai sheƙi, da wani baƙin zare can nesa da na ɗauka ciyawa ce. Zaren ya motsa. Ruwa ba ya zuwa da igiya a irin wannan wuri, lallaɓowa yake yi, ya cika 'yan kwaroro tukuna, sannan ya malale a kan fili da saurin da ya fi yadda ido ke zato. Tsuntsayen gaba suna gudu da ƙafa, na baya suna tsallake kan 'yan'uwansu suna sauka a gaba, garken yana ta matsewa har ya zama ba masaka tsinke. Da sauran lakar ta ƙare sai suka tashi baki ɗaya, dubun dubata. Suka juya, sama ta yi baƙi. Suka sake juyawa, farin cikinsu ya haska. Da suka bi ta kanmu zuwa tafkunan da ke bayan tudu, ƙarar fuka-fukansu ta rufe ta iska. Tafkunan nan ramuka ne da aka haƙa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don ɗibar tsakuwar gina filayen jirgin sama, yau sun zama masaukinsu har ruwa ya janye.

Mafi yawan garken nan tsuntsu ne da masana ke kira kanutus, ɗan gajere mai ƙiba, tsawonsa bai wuce santimita 25 ba. Waɗanda ke taruwa a The Wash daga Girinland da arewa maso gabashin Kanada suke zuwa. Abincinsa ƙananan halittu ne masu ɓawo da ke binne a laka, yana haɗiye su da ɓawonsu, ƙundunsa ya niƙe.

Wanda bai saba ba yakan raina Agusta. Kukan tsuntsayen daji ya yi shiru, agwagin ruwa duk sun koma launin ƙasa domin mazan sun zubar da adonsu, wasu ma ba sa iya tashi na 'yan makonni saboda gashin fiffike ya zube gaba ɗaya. Tsattsewa baƙaƙe masu shawagi a kan gidaje sun riga sun kama hanya. Sai dai a bakin taɓo kaka ta riga ta fara. 'Yan taɓon da ke hayayyafa a can ƙuryar arewa ba su da lokaci mai yawa, bazarar can gajera ce. Iyaye ne ke fara barin wurin, tun a Yuli, musamman waɗanda ƙwansu ya lalace. 'Ya'yan na biyo baya bayan makonni, ba uwa ba uba, ba wanda ya nuna musu hanya. Saboda haka daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba za ka tarar da tsofaffi da sababbi a fili ɗaya, kuma wannan ne ya sa lokacin ya fi kowane wahalar tantancewa, ya kuma fi daɗi.

Wani dattijo da na tarar a rumfar leƙe, ɗaya daga cikin masu aikin sa kai, shi ya saita mini ido. Ina ta juya shafukan littafi ina neman hoton da ya yi daidai da abin da ke gabana.

"Ɗana, rufe littafin nan tukuna," in ji shi. "Kafin ka tambayi sunansa, tambayi shekarunsa."

Na ce, "Baba, ta ina zan gane?"

Ya sa na leƙa babban madubinsa mai ƙafa uku. Kanutus biyu ne gefe da gefe. Na hagu ƙirjinsa da ragowar ja, dabbare-dabbare, gashin bayansa ya kokkoɗe, gefunan sun cinye, sabo mai launin toka yana leƙowa nan da can. Ya je arewa ya dawo da tufa ɗaya. Na dama kuwa kowane gashi a bayansa da siririn farin baki da baƙin layi a ciki, a jere tsaf, ƙirjinsa da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa. Wannan bai fi wata biyu da fita daga ƙwai ba, amma ya ƙetare teku. Tun daga ranar, haka nake fara kallo: gashi tsoho ko sabo? Rabin ruɗanin a nan yake warwarewa, domin littafi yakan nuna tsuntsu cikin adon aure ko cikin tufar sanyi, Agusta kuwa tsakani take.

Abu na biyu da ya nuna mini, a samu ma'auni. A gaɓar Turai ma'aunin shi ne danlin, ɗan ƙaramin ɗan taɓo mai baki da ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe, babbansa da baƙin tabo a ciki. Yana ko'ina, shi ya sa mutane ke tsallake shi suna neman baƙo. Ni a ganina wannan asara ce. Wanda ya ƙure wa danlin ido har ya san tafiyarsa, da yadda yake duƙar da kafaɗa yana soka baki cikin laka da sauri kamar allurar keken ɗinki, shi ne zai tsinkayi wanda ya bambanta. Haka na gane ɗan'uwansa na Saiberiya a cikin garke: ya fi tsawon ƙafa, bakinsa ya fi lanƙwasa, yana shiga ruwa har ciki, kuma da ya tashi sai fari ya bayyana a gindin wutsiyarsa. Ba wayo na yi ba, idona ne ya gaji da ganin iri ɗaya har ya tsaya a kan na daban.

Baki ma labari ne. Mai gajeren baki a sama yake tsinta, yana gudu yana tsayawa. Mai matsakaici yana tonon saman laka. Godwit mai dogon baki yana nutsa shi har ido, ya zaro tsutsa daga zurfin da sauran ba sa kaiwa. Da haka dubban tsuntsaye ke cin fili ɗaya ba faɗa. Wannan godwit ɗin, mai zane a wutsiya, danginsa na Alaska ne suka riƙe kambun tashi ba sauka: a 2022 wani matashi da aka ɗaura wa na'urar bin sawu ya tashi daga Alaska ya sauka a Tasmaniya, kusan kilomita 13,560 cikin kwana 11.

Sai maganar haske. Snettisham yamma take kallo, da safe rana na bayanka, komai ras. A Titchwell, wani gandun na RSPB da ke kusa, babbar hanyar arewa ta nufa zuwa teku, tafkin ruwan daɗi yana gabas da ita. Da safe duk abin da ke tafkin baƙar inuwa ce, bayan azahar kuwa har ƙwayar ido kana gani. Tsakar rana ba ta da amfani a ko'ina, zafi na tashi daga laka ya sa komai rawa a cikin madubi, kuma iya ƙarfin madubin iya rawar. Madubin hannu mai lamba 8x42 ya ishi mai farawa. Babban madubi kuwa, masu shi a rumfa ba sa rowar leƙe. A zo da rigar sanyi ko da Agusta ce, iskar teku da asuba ba ta san bazara ba, da ruwan sha, da abin korar sauro in za a shiga fadama.

Fadamar ruwan daɗi na da nata sha'ani, ko da yake ba ta da hayaniyar teku. A Minsmere, can kudu a Suffolk, ana zuwa ganin abosat, fari da baƙi mai siririn baki da ya lanƙwasa sama, yana share ruwa da shi hagu da dama. Ya yi kusan shekara 100 bai yi ƙwai a Birtaniya ba, sai a 1947 ya dawo nan, bayan an malala ruwa a filayen gaɓar lokacin yaƙi don tare abokan gaba. Shi ne a tambarin RSPB. Amma abin da ya fi riƙe ni a fadama yana cikin dogayen ciyayi, wani ɗan tsuntsu mai farar gira da nauyinsa bai wuce giram 12 ba. A Agusta yana ta cin ƙananan ƙwarin da ke manne a ganye har ya kusa ninka nauyinsa, kitsen nan ne guzurinsa na ƙetare Bahar Rum da Sahara.

Domin da yawa daga cikinsu Turai zango ce kawai. Kanutus na Saiberiya suna yada zango a tekun Wadden, tsakanin Holan da Jamus da Denmak, su cika ciki, su miƙe zuwa Banc d'Arguin a gaɓar Muritaniya, inda 'yan taɓo kusan miliyan 2 ke yin sanyi. Raf, mai ɗan ƙaramin kai da tudun baya, wanda namijinsa ya fi macen girma nesa ba kusa ba, fadamun Sahel yake nufa: kwarin kogin Sanagal, fadamar Neja ta tsakiyar Mali, Tafkin Chadi, Haɗejiya da Nguru. Zaren ɗaya ne, in ya tsinke a can ana ji a nan. Bayan farin da ya afka wa Sahel a ƙarshen shekarun 1960, masu ƙidaya a Birtaniya sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai a bazarar 1969, kuma dalilin yana can kudu da hamada. Irin wannan fahimta ce ta haifi yarjejeniyar kare fadamu da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971.

Sanin haka ya canza yadda nake tsayawa a bakin ruwa. Lokacin cika, tsuntsu ba shi da wurin ci, hutawa kawai yake yi yana tattalin kitsensa. Duk tashin da aka sa shi ya yi a banza, daga guzurin tafiya aka cire. Na ga wani mai ɗaukar hoto ya sauka daga hanya yana raɓe zuwa wajen garke, ya tayar da su, suka yi ta kewaya a sama ba wurin sauka domin ruwa ya rufe ko'ina. Hoton da ya samu na bayansu ne suna gudu. Kare da aka saki ma haka yake yi, mai shi kuwa yana dariya wai wasa ne. Shaho in ya kawo hari ya watsa su, wannan nasu ne tun fil'azal, sun san yadda za su yi da shi. Namu ne ƙari. Alamar ba ta ɓuya: in kawuna suka ɗago, masu tsayuwa da ƙafa ɗaya suka sauke ta biyu, ka matso da yawa, ja baya. Kada kuma ka tsaya a ƙololuwar tudu inda jikinka zai fito fili a sararin sama, zauna ƙasa kaɗan.

Wani aiki da zama wuri ɗaya ke ba ka dama shi ne duba ƙafafu. Masu bincike na saka wa wasu 'yan taɓo zobba masu launi, ko 'yar tuta mai haruffa. In ka ga ɗaya, rubuta nan take, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa: ƙafar hagu ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa, launi daga sama zuwa ƙasa, wuri da kwanan wata. Laka na ɓata launi, fari ya koma rawaya, don haka a jira tsuntsun ya taka cikin ruwa ya wanke. Wani godwit mai baƙar wutsiya ya sa na yi kusan rabin awa ina jiran ya sauke ƙafar da ya naɗe a ciki. Da na aika bayanin, masu aikin suka turo mini tarihinsa: a Aisland aka saka masa zobban, an kuma gan shi a gaɓoɓi daban-daban a shekarun baya, kowane gani da wurinsa da ranarsa. Nawa aka ƙara a ƙarshen jerin. Sauran abin da na ƙirga a ranar na shigar a eBird, rumbun da jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe a 2002, har da adadin danlin da agwagin da ba wanda ya tsaya kallo, domin masu lissafin ƙaruwa da raguwa waɗannan suka fi buƙata.