Taron Kantin Kwari bai cika mana kujeru ba

Aikin da na fara samu bayan hidimar ƙasa shi ne nemar wa wani kamfanin gidajen abinci wurin da zai buɗe reshe a Kano. Irin kamfanonin nan ne masu rassa gari-gari, hedikwata a Legas, fentin bango iri ɗaya, kayan ma'aikata iri ɗaya, kuma ko a ina ka ci kazarsu ɗanɗanon bai canjawa. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan. Mr Bigg's na kamfanin UAC ya fara a Marina cikin 1986, Tantalizers ta buɗe a Festac a 1997, Chicken Republic ta biyo baya a 2004, KFC kuma ta shigo a 2009. Wanda na yi wa aiki ba ya cikin waɗannan, bai ma kai su girma ba, amma shi ma a Legas ya tashi, kuma da mudun Legas yake auna kowane gari.

Dalili biyu ya sa aka ɗauke ni: na karanta tsara birane, sannan ni ɗan gari ne. Aka ba ni wata 'yar na'urar ƙirga da ake latsawa da babban yatsa, da fom mai layi-layi, aka ce in je tsakiyar gari inda jama'a suka fi yawa in ƙirgo masu wucewa. Duk Bakano ya san inda ake nufi. Tsakanin Kantin Kwari da Singa da titin Ibrahim Taiwo, da hantsi, ƙafa ma da ƙyar take samun wurin takawa. Na yi kwanaki ina tsayuwa a gaban wani bene da dillali ya nuna mana, daga safe zuwa la'asar, har yatsana ya yi kanta. Da na aika da lissafin, oga ya kira ni a waya yana ta murna, ya ce bai taɓa ganin adadi irin wannan a wajen Legas ba. Aka biya hayar shekara biyu, aka gyara wuri, aka kafa allo mai fitila, aka ɗauki matasa aiki.

Makon farko an yi ciniki, domin kowa yana son ya leƙa sabon abu. Daga nan kujeru suka fara zama wayam. Jama'ar da na ƙirga suna nan ba su ragu ba, ta jikin gilashi kana kallonsu suna wucewa kamar ruwan kwata, amma ƙofa ba ta buɗuwa sai jefi-jefi.

Wani dattijo mai shagon atamfa a kusa da mu ne ya warware mini abin. Wata rana bayan sallar azahar, muna saka takalma a ƙofar masallaci, ya dube ni ya ce, "Yaro, ba kai ne ka yi ta tsayuwa a bakin titi kana latse-latse ba?" Na ce, "Ni ne, Alhaji." Ya ce, "Mu ka ƙirga ke nan. Ai da ka ƙaraso ka gaishe ni ka tambaya, da na faɗa maka kyauta. Wa zai bar shagonsa da tsakar rana, baƙo daga Maraɗi ko Njamena yana tsaye da kuɗi a hannu, ya tafi bin layin shinkafa? Zo ka zauna ka gani."

Na zauna a bencinsa. Ba a jima ba sai ga wata yarinya da tire a ka, kwanuka a rufe. Ta ajiye na Alhaji, ta ajiye na yaran shagonsa biyu, ta wuce shago na gaba ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Alhaji ya ce Hajiyar da ke dafa abincin ta fi shekara goma tana ciyar da layinsu. Ta san wanda ba ya cin yaji, ta san wanda likita ya hana gishiri, ta san wanda yake azumin Litinin da Alhamis don kada a kai masa. Sai an kusa tashi ake zuwa karɓar kuɗi, wanda kasuwa ba ta yi masa daɗi ba kuma a bar shi sai gobe. Ga mai gurasa, ga mai ɗanwake, ga mai fura da nono, ga mai shayi a bakin layi. Ashe kasuwar tana da tsarin ciyar da kanta tun kafin a haife ni, kuma tsarin ya fi namu araha, ya fi namu sauri, har cikin shago yake iske mutum, ga bashi yana bayarwa. Mu kuwa muna so ɗan kasuwa ya taso, ya tsallaka titi, ya tsaya a kanta, ya biya kuɗin kwano uku a kan kwano ɗaya.

Sauran masu wucewar ma da na sake dubansu da kyau, 'yan dako ne da kaya a ka, da masu baro, da fatake masu sauri su gama sari su kama mota kafin dare, da mata da suka ƙulle kuɗin kayan lefe ba su da niyyar taɓa shi. Na ƙirga ƙafafu, ban tambayi ko ina suka dosa ba, balle abin da ke aljihunsu da wanda aka tanadar wa shi.

Abin da ya ƙarasa mu shi ne magariba. Gidan abinci irin namu da yamma yake samun kuɗinsa, lokacin da magidanci zai ɗauko iyali, ko saurayi ya tsaya ya yi wa budurwa tsaraba, ko a yi bikin zagayowar ranar haihuwar yaro. A daidai wannan lokacin ake rufe shagunan Kwari, layuka su yi duhu, sai masu gadi. Babu mai ɗauko matarsa da 'ya'yansa ya kawo su nan bayan isha'i. Fom ɗin da aka ba ni ƙarfe huɗu na yamma ya tsaya, ni ma a nan na tsaya. Na san garin, na san kasuwa tana tashi, amma ban haɗa wannan sanin da aikin da ke hannuna ba, domin na ɗauka abin da aka rubuto daga hedikwata ya fi abin da na taso ina gani.

Kafin hayar ta ƙare aka rufe reshen. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin kamfani ba ne. Matasan da muka ɗauka ne, waɗanda wasunsu suka bar ƙananan sana'o'insu saboda sun ga albashin wata. Ɗaya daga cikinsu an riga an sa masa ranar aure. Ni na rubuta rahoton da ya kawo su wurin, kuma har yau idan na bi ta gaban benen nan sai na tuna fuskokinsu.

Ba a kore ni ba, aka ce in sake nema. Wannan karon na ajiye na'urar a aljihu na fara da zama. Duk wurin da dillali ya nuna mini sai na je masa da safe, da azahar, da bayan isha'i, ranar aiki da ranar Juma'a da ranar Lahadi, kuma ba na yanke magana sai na gan shi ana tsaka da ruwan sama. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya san dalili. Wuri yakan yi kyau da rani, damina ta zo ta mayar da ƙofarsa tafki.

A wannan zaman ne na fahimci cewa titi ɗaya kasuwa biyu ne. Hannun da ake bi a shiga gari da safe daban, hannun da ake bi a koma gida da yamma daban. Mai sammakon zuwa ofis ba ya tsayawa, mai komawa gida shi ne yake tuna yara. Idan akwai shingen kankare a tsakiyar titi, kuma wurin juyawa yana da nisa, to wanda ke ɗaya hannun ko yana ganin allonka ba naka ba ne. A taswira gine-gine biyu da ke kallon juna wuri ɗaya ne, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Haka gadojin sama. Gadar Ƙofar Nasarawa da doguwar gadar da ta bi ta saman titin Murtala Muhammad a Sabon Gari sun sauƙaƙa tafiya, amma mai motar da ya hau sama ya wuce duk wani shago da ke ƙasa. Shataletale ma yaudara gare shi: kowa yana ganinka, babu mai iya tsayawa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta zama ƙafar mafi yawan mutane, don haka sai na riƙa duba ko akwai inda mai Adaidaita zai sauke fasinja ba tare da 'yan KAROTA, jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa na jihar, sun tare shi ba. Wurin ajiye mota kuwa, idan babu shi, ba na ma ɓata lokacin shiga ginin.

Akwai wani abu da muka yi gardama a kansa da oga. Na kawo wani wuri a wajen titin gidan Zoo, kusa da wasu gidajen abinci da suka riga mu, shi kuma ya ce don me za mu je mu zauna a bakin abokan hamayya. A makaranta an koya mana bayanin wani masanin tattalin arziki na Amurka, Harold Hotelling, wanda tun 1929 ya nuna dalilin da ke sa masu sayar da kaya iri ɗaya su matso kusa da juna. Amma ban buƙaci Bature ba wajen ba shi amsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan mai neman waya Farm Centre yake zuwa, mai neman hatsi Dawanau, mai neman kayan marmari 'Yan Lemo. Mutum yakan fito ne da niyyar zuwa inda ake cin abinci, sai ya isa yake zaɓar ƙofa." Gara ka raba masu yunwa da maƙwabcinka da ka mallaki titin da babu mai zuwa cin abinci a kansa. Sai dai jingina da wani ma tana da nata haɗarin. Lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, babban kantin Shoprite ne ke jawo jama'a, ƙananan shaguna suna samu a gefenta. A Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshenta na wurin. Duk wanda ya gina lissafinsa kacokan a kan taron wani, ranar da mai taron ya tashi sai ya sake lissafi.

Legas ba ta sanya azumi a fom ɗinta ba. Wata guda cur babu cinikin rana, kuma da an sha ruwa yawancin mutane a gida suke, da kunu da ƙosai. Sai bayan tarawihi gari yake buɗewa. Reshen da ke unguwar da ake hira da dare yakan farfaɗo a wannan lokacin, sannan ya cika maƙil da bikin Sallah, na cikin kasuwa ko na tsakanin ofisoshi kuwa sai dai ya ƙirga watan a asara. Na kuma koyi duba ko ginin zai ba da damar keɓe wurin da mata da iyali za su zauna ba a kan idon 'yan bakin titi ba, da ɗan wurin alwala da salla. Na sha ganin magidanci ya leƙo, ya ga zaman bai yi masa ba, ya ce a ƙunshe masa ya koma mota, alhali da niyyar zama ya fito.

Sai maganar mai gida. A tsakiyar Kano gine-gine da yawa na gado ne. Wani wuri da na ƙwallafa rai a kansa, mun gama magana da babban ɗa, har dillali ya fara lissafin la'adarsa, sai wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta aiko cewa ba a raba gado ba kuma ba ta amince ba. Allah ya taimake mu ba a biya ba. Tun daga ranar, kafin in kai wa lauya takarda sai na je na gaida mai unguwa na tambaye shi tarihin gidan, sannan in bincika ko hukumar tsara birane ta jihar, KNUPDA, ta amince a yi kasuwanci a wurin, kada a gama kashe kuɗi a wayi gari da jan fenti a bango. Ina tambayar maƙwabta awa nawa suke samun wuta, taransfomarsu tana yawan lalacewa ko a'a, rijiyar burtsatse tana kai wa ƙarshen rani ko tana ƙafewa. Firiza ba ta jiran a kawo wuta, kuma kuɗin man janareto yana iya cinye ribar da wuri mai kyau ya kawo.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da nake gani shi ne mutane sun rage doguwar fita don cin abinci kawai. Wanda a da zai taso daga Hotoro ko Kabuga ya shigo tsakiyar gari da iyali, yanzu ya fi son abin da ke kan hanyarsa, ko ya yi waya a kawo masa a babur. Wannan ya sa nake ƙara duban bakin manyan unguwanni, da kuma ko mai babur ɗin kai saƙo zai iya shiga ya fita ba tare da ya maƙale a cunkoso ba.

Kwanan baya aka haɗa ni da wata yarinya da ta gama karatu, aka ce in koya mata aikin. Ta zo da fom ɗinta da manhajar ƙirga a waya, tana tambayar inda za ta tsaya. Na ce ta mayar da wayar jaka tukuna. Muka tsallaka wurin mai shayin da ke kallon ginin, muka gaishe shi, na sa ya haɗa mana kofi biyu, sannan na tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, kuma su wa suke zama a bencinsa bayan isha'i.