Tikiti a Hannu, Ƙofa a Rufe: Biza da Gasar Kofin Duniya ta 2026

Ranar 13 ga Yuni 2018, a birnin Mosko, aka kaɗa ƙuri'ar wanda zai karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2026. Amurka da Kanada da Meksiko suka sami ƙuri'a 134, Maroko ta tashi da 65. Abin da ya fi tsaya wa masu takarar Amurka a wuya kafin ranar shi ne dokar hana shiga da Donald Trump ya ƙaƙaba wa wasu ƙasashe a 2017. Tun a watan Maris na 2017 shugaban FIFA, Gianni Infantino, ya ce duk ƙasar da ta sami gurbi dole 'yan wasanta da jami'anta da magoya bayanta su iya shiga, in ba haka ba babu gasa. Shi ya sa a Mayun 2018 Trump ya aika wa FIFA wasiƙa, ya yi alkawarin cewa 'yan wasa da jami'ai da 'yan kallo na kowace ƙasa za su shigo ba tare da wariya ba.

Jami'in da ke zaune bayan gilashi a ofishin jakadanci ba ya aiki da wannan wasiƙa. Dokar shige da fice ce a gabansa, da sanarwar shugaban ƙasa ta baya-bayan nan. Kuma maganar ta fi nauyi a Amurka, domin cikin wasanni 104 da ƙasashe 48 za su buga, 78 a can aka sa su, har da duk wasannin da suka fara daga kwata fainal zuwa na ƙarshe. Kanada da Meksiko 13 kowaccensu ta samu.

Sanarwa biyu ce ta sauya lissafin. Ta farko an sa mata hannu ranar 4 ga Yuni 2025: ƙasashe 12 an rufe musu ƙofa gaba ɗaya, ciki har da Iran da Haiti da Chadi da Sudan, wasu 7 kuma an taƙaita musu. Ta biyu ta zo ranar 16 ga Disamba 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta kai jerin zuwa ƙasashe 39. A nan ne Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga sahun waɗanda aka rufe wa baki ɗaya, Najeriya da Senegal da Kodebuwa kuma suka shiga sahun da aka taƙaita. Kalmar taƙaitawa tana ruɗin mutane. Cikin bizar da aka dakatar wa wannan sahu akwai B-1 da B-2, wato ta kasuwanci da ta yawon buɗe ido, kuma da ita ɗan kallo yake shiga. Saboda haka ga mai son kallon ƙwallo, sahun biyu abu guda ne. Iran, Haiti, Senegal da Kodebuwa duk sun sami gurbi a gasar, kuma duk suna cikin jerin.

An bar wata kafa a cikin sanarwar, kuma yadda aka rubuta ta shi ke nuna wanda aka damu da shi. Ta tsame ɗan wasa, da mai horarwa, da wanda ke aikin da tawaga ba ta iya yi ba shi, da iyalan kusa, in za su gasar kofin duniya ko ta Olamfik ko wata babbar gasa da sakataren harkokin waje ya amince da ita. Ɗan kallo ba ya ciki. Ɗan jarida ma ba a ambace shi ba, shi da ma bizarsa daban ce, mai harafin I. An dai tabbatar cewa za a sami mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangaren fili, talabijin ta haska, masu talla su biya. Wanda zai buga ganga a kan benci kuwa ya nemi hanyarsa.

Ko waɗanda aka tsame ɗin ma, tsamewar tana da iyaka ta fuska biyu. Na farko, ba ta ba kowa biza, cire haramcin kawai take yi, binciken tsaro yana nan. Da aka zo bikin raba rukuni a Washington ranar 5 ga Disamba 2025, an hana wasu daga tawagar Iran biza, har da shugaban hukumar ƙwallonsu Mehdi Taj. Iran ta ce ba za ta je ba, daga baya mai horarwa Amir Ghalenoei ya halarta da 'yan tsiraru. Na biyu, sai gasar ta shiga lissafin manya. Wasan sada zumunci da sansanin atisaye ba lallai su sami wannan rigar ba. A Yunin 2025 tawagar ƙwallon kwando ta matan Senegal ta fasa sansanin atisaye a Amurka bayan an hana wasu 'yan wasa da jami'ai biza, kuma firaminista Ousmane Sonko da kansa ya sanar cewa a Dakar za a yi. Lokacin ma Senegal ba ta shiga wani jeri ba.

Akwai kuma abin da ba haramci ba ne amma yana yin aikin haramci, wato jinkiri. A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Eugene, jihar Oregon, a Yulin 2022, ɗan tseren Kenya Ferdinand Omanyala ya karɓi bizarsa saura ƙasa da kwana biyu, ya sauka garin kimanin awa uku kafin tseren mita 100. Ya tsallake zagayen farko, ya faɗi a na kusa da ƙarshe. Babu wanda ya ce masa kada ya zo. Amma mai tsere yana buƙatar kwanaki jikinsa ya saba da bambancin lokaci, kuma layin ofishin jakadanci ya cinye masa su.

Masu masaukin baƙi na baya sun bi wata hanya. Afirka ta Kudu a 2010 da Brazil a 2014 sun ba masu tikiti biza ta musamman kyauta. Rasha a 2018 ta yi katin Fan ID, wanda ya maye gurbin biza kacokan, Katar ta yi katin Hayya a 2022. Amurka ba ta yi irin wannan ba. Abin da aka sanar a Fadar White House a Nuwamban 2025 shi ne FIFA PASS, kuma aikinsa guda ne: ya matso wa mai tikiti ranar ganawa da jami'in biza. Sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya faɗa a wurin cewa tikiti ba biza ba ne. Tambayoyin ganawar da sharuɗɗanta ba su ragu ba ko ɗaya.

Gaskiya kuma sai a faɗe ta, tsoron masu masauki ba daga sama ya faɗo ba. Bayan gasar Rasha, 'yan Najeriya da dama da suka shiga da Fan ID sun maƙale a Mosko, wasu dillalai sun yaudare su da alkawarin aiki ko kulob, sai da gwamnatin Buhari ta tura jirgi aka kwaso sama da ɗari a Yulin 2018. 'Yan wasan Kamaru bakwai sun sulale a Olamfik ta Landan a 2012, takwas kuma a gasar Commonwealth ta Gold Coast a 2018. Irin waɗannan ne ke shiga ƙididdigar masu wuce wa'adi, kuma da ita aka kafa hujja a sanarwar Yuni, inda aka ce kusan rabin 'yan Chadi da suka shiga da bizar ziyara ba su fita a kan lokaci ba. Mai gaskiya ke biyan bashin da wani ya ci.

Ga wanda ƙasarsa ba ta cikin jerin, kamar Ghana, ko wanda ya shiga cikin togaciya, tsarin aikin yana da jeri, kuma yawancin asarar kuɗi daga juya jerin take zuwa. Abu na farko shi ne fasfo. Haramcin bai soke bizar da aka bayar kafin ranar fara aikinsa ba, bai shafi mai katin zama na dindindin ba, kuma mai fasfo biyu yana iya tafiya da na ƙasar da ba ta cikin jeri. Ɗan Senegal mai fasfon Faransa, alal misali, izinin ESTA kawai yake nema ta intanet a kan kimanin dala 40. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a wannan tsari na shiga ba biza.

Daga nan sai fom ɗin DS-160 da kuɗin neman biza, dala 185, wanda ba a mayarwa ko an ƙi mutum. Fom ɗin yana tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar. Ɓoye shafi ya fi abin da ke cikin shafin haɗari, domin in aka gano, ya zama ƙarya a takardar hukuma. Tun Satumban 2025 kuma an umarci masu nema su yi ganawa a ƙasarsu ko inda suke da izinin zama, don haka tsallakawa maƙwabciya saboda layinta gajere ne ya daina aiki.

Ganawar kanta ba ta wuce 'yan mintuna. Sashe na 214(b) na dokar ya ɗauki kowane mai nema a matsayin mai niyyar zama, sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo. Me kake yi, nawa kake samu, wa zai biya, kwana nawa za ka yi, wa ka bari a gida. Abin da ke kayar da mutane ba ya wuce uku zuwa huɗu: kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu mako guda kafin ganawa, amsar baki da ta saɓa da abin da dillali ya cika a fom, da mai cewa kallon ƙwallo zai je amma bai san garin da za a buga wasan ba. Wani kuma ba a ƙi shi ba, sai a miƙa masa takardar 221(g) ta ƙarin bincike, wadda ba ta da ranar ƙarewa, gasa kuwa tana da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tikitin jirgi da ɗakin otal da ba a mayar da kuɗinsu su jira sai biza ta shiga fasfo.

Sannan akwai jingina. Daga Agustan 2025 aka fara neman 'yan wasu ƙasashe su ajiye dala 5,000 ko 10,000 ko 15,000 kafin a ba su bizar ziyara, a mayar musu in sun fita a kan lokaci. Da Malawi da Zambiya aka fara, jerin ya ci gaba da tsawo. Jami'i ne ke faɗar adadin bayan ganawa, kuma ta shafin gwamnatin Amurka ake biya. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin jingina tun kafin ganawa, damfara ce.

Gasar ƙasa uku kuma iyaka uku ce. Ghana an sa mata wasan farko da Panama a Toronto, sannan Ingila a Boston, Kuroshiya a Filadelfiya. Mai son bin ta yana buƙatar bizar Kanada, dalar Kanada 100 da wasu 85 na ɗaukar zanen yatsa, ga ta Amurka daban. A duba gurbin da ke nuna adadin shiga a jikin bizar: harafin M yana nufin sau da yawa. Wannan gurbi ma siyasa ce. A Yulin 2025 an mayar da bizar 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru ta wata uku, shiga sau ɗaya. A Satumba aka ɗage wa Ghana, bayan ta yarda ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro. Ko da biza a hannu, jami'in filin jirgi ne mai magana ta ƙarshe. Ɗan wasan tanis Novak Djokovic ya sauka Melbourne da biza a Janairun 2022, aka soke ta, kotu ta dawo masa da ita, minista Alex Hawke ya sake sokewa, ya bar Ostireliya ana gobe fara gasar tanis ta Australian Open.

Hukumomin wasanni suna da bulala, sai dai a ga wanda suke duka da ita. A Maris ɗin 2023 FIFA ta ƙwace gasar 'yan ƙasa da shekara 20 daga Indonesiya bayan gwamnan Bali ya ƙi karɓar tawagar Isra'ila, ta kai ta Ajantina, inda Flying Eagles suka fitar da masu masaukin da ci 2 da nema. Maleshiya ta rasa gasar ninƙaya ta nakasassu ta 2019 a kan dalili makamancin haka, aka mayar Landan. A shekarar kuma kwamitin Olamfik ya dakatar da tattaunawar karɓar baƙunci da Indiya saboda ta hana 'yan wasan harbi biyu na Pakistan biza. Hujjar a kowane karo ita ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma duk waɗannan a kan ɗan wasa aka yi su, kuma ƙasashen da aka hukunta ana iya sauya su cikin ɗan lokaci. Filaye 11 na Amurka da kuɗin tikitinsu ba su da madadi, kuma tunda an tsame 'yan wasa, FIFA tana da abin faɗa.

Olamfik ta Los Angeles a 2028 na iya zuwa da tata ƙa'ida. A tsarin kwamitin Olamfik, katin shaidar gasa tare da fasfo shi ne izinin shiga, kuma yana aiki daga wata guda kafin gasar zuwa wata guda bayanta. Katin na 'yan wasa ne da jami'ai da 'yan jaridar da aka tantance, kuma sunayen suna bi ta hannun jami'an tsaron mai masauki kafin a buga shi. Mai tikitin kallo ba a ba shi katin, fom ɗin DS-160 ne nasa.